Teburi Shida a Kasuwar Tonawa

Abin da na fita da shi daga Kazaure ba shi da wuyar lissafi. Jar fata ɗauri talatin, wadda na saya bayan na sayar da gonar gadona ta hanyar Roni. Bargo ɗaya, buta ɗaya. Sai ƙanin matata, Garba, da alkawari guda da na ɗaukar wa mahaifiyarsa. Cikin waɗannan duka, fatar ce kaɗai na san yadda ake juya ta.

Garba ɗan mahauta ne daga Kanya Babba, kuma ɗan dambe. Kututture ake ce masa. Shekara tara yana ɗaura zare a hannu, daga Babura har ƙauyukan Damagaram, ba a taɓa kashe shi ba. Dokar dambe kowa ya san ta: da gwiwarka ko tafin hannunka ya taɓa ƙasa, an kashe ka, sai ka kakkaɓe ka bar fili. Garba bai taɓa kakkaɓewa ba. Amma surukata ta gaji.

Ta ce, "Ilu, ka tafi da shi inda babu kalangu. Na gaji da dafa ruwan zafi ina gasa masa fuska."

Na ce, "Inna, in Allah ya yarda ba zai sake ɗaura zare ba."

A ƙasar Gurma muka musanya fatar da shanu goma sha huɗu. A nan aka fara koya mini karatu. Mutumin da ya ba ni shanun ya lasa musu gishiri tun da safe ya kai su rafi, suka cika ciki da ruwa. Ni da nake ganin kaina ɗan kasuwa, na shafa bayansu na yaba. Kwana biyu a hanya haƙarƙari ya bayyana. Uku daga ciki ciwon sammore ya riga ya ci su, muka yanka biyu muka raba wa mutanen ƙauye, ɗaya ta mutu kafin wuƙa ta iso.

A kan iyakar Gana aka tsare mu kwana tara wai ana duba lafiyar dabbobi. Ranar ƙarshe ma'aikacin ya zagaya, ya tsaya kan bijimin da ya fi kowane, ya ce wannan ba shi da lafiya, dole a bar shi. Da za mu wuce na hango shi ɗaure bayan gidan mutumin yana cin harawa. Garba ya dunƙule hannu. Na ce, "Sake shi. Hannu ba ya buga hatimi."

A mafitar babban kogi wata saniya ta firgita da ƙarar jirgin fito ta zabura za ta faɗa ruwa. Garba ya cafke ƙahonta da hannu ɗaya ya danne har muka kai gaci. Wata tsohuwa Bagwanja da ke cikin jirgin ta kwance ƙullinta ta ba shi gasasshiyar doya biyu, ba ta jin yarenmu ba ma jin nata. Tun da muka bar gida, shi ne abu na farko da aka ba mu ba a karɓi komai ba.

Kumashi kuwa a cike da shanu muka tarar da ita. Dillalan zango 'yan uwanmu Hausawa ne, sun karɓe mu da fara'a da ruwan sha, amma kowa ya tsare bakin cinikinsa. Wani direba ne ya ba ni labarin wani garin haƙar zinariya can kudu cikin kurmi, inda ma'aikata ke da albashi amma nama ya yi musu ƙaranci. Ba zan faɗi sunan garin ba. Muka isa da shanu goma.

Garin na Tonawa ne, wato Asante. Zangon Hausawa yana bayan juji, a bakin wani rafi da ruwan ma'adinai ya mayar ja. Mahautanmu shida ne, teburansu a wajen kasuwa bakin kwata, ƙuda ya fi masu saye yawa. Ni na zama mai kawo musu shanu, Garba ya kama wuƙa a teburin wani dattijo, Baba Na'iya. Baba Na'iya a garin aka haife shi, kabarin ubansa yana nan, yana jin yarensu kamar ruwa, amma in ya wuce yara na bin sa da waƙar baƙo. Shekara biyu muka yi haka. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, tufafi ba sa bushewa, babu gero balle fura. Wani lokaci ina tsaye a mayanka sai in rufe ido in ga duwatsun Kazaure da yamma, in buɗe in ga kurmi ya rufe ni ta ko'ina.

A shekara ta uku aka soma gina sabuwar kasuwa ta bulo da kwano, har da ɓangaren nama mai famfo. Sarkin garin da dattawansa suka ce rumfuna na 'yan ƙasa ne. Tsohuwar kasuwa za a rushe ta, har da bakin kwatar da muke. Wato ko ƙudan ma za a raba mu da su.

Ana cikin haka Saje Kwaku ya zo teburin Garba. Tsohon soja ne Batone, ya yi yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama tare da Hausawa, ya dawo da ɗingishi da Hausar bariki. A wani tsohon siton ajiye koko na cakulan yake tara samarin da ba su da kowa, 'ya'yan leburorin rami da marayu da masu kwana a tasha, yana koya musu damben Turawa na safar hannu. Ya daɗe yana kallon yadda Garba ke sauke cinyar bijimi daga kafaɗa.

Ya ce, "Kai aboki, wannan hannu na yanka nama kawai? Haram ne!"

Garba ya yi dariya ya ce, "Baba Saje, an yi mini iyaka da shi."

"Wane ne ya yi iyaka?"

Garba ya nuna ni da haɓa.

Saje ya ja ni gefe. Ya ce duk shekara a bikin sabuwar doya garinsu na karawa da garin da ke maƙwabtaka da su, kuma shekara huɗu a jere ana lallasa su a ajin manya. Ya ce, "Ni na ga abu a Bama. Mutum da ka sha naushi nasa, ka san suna nasa. Cikin igiya babu baƙo, babu ɗan gari. Ka ba ni shi, ya sa riga na gari, ka ga yadda mutane za su juya."

Ni ban yarda da wannan wa'azi ba, amma na ji ƙanshin ciniki. Na ce a kai ni wurin mai magana da yawun sarki. Muka je da kwalbar turare da ƙafar bijimi. Na faɗi buƙatata ba kwana-kwana: teburi shida a sabuwar kasuwa. Ya juya sandarsa ya ce, wanda ya ɗaga sunan gari ɗan gari ne, mu kawo nasara tukuna. Ban samu takarda ba, amma an faɗa a gaban shaidu.

Saura alkawarin Inna. Na zauna na auna shi kamar yadda nake auna bijimi, na samo masa kafa: zare na ce ba zai ɗaura ba, safar hannu kuwa ba zare ba ce. Da na faɗa wa Garba haka sai ya dube ni ya ce, "Yaya, kai ko a lahira sai ka nemi ragi." Amma idonsa ya riga ya kawo haske.

Wata biyu suka yi suna horo. Da farko abin dariya ne. Garba ya saba hannun dama ne mashi, hagu garkuwa, sai ya miƙa hagun gaba buɗe yana jira.

Saje ya yi ta ihu: "Allah ya ba ka hannu biyu! Ɗaya ka ba shi ajiya a banki?"

Ranar farko Garba ya kai wa wani shuri a ƙirji, sai da aka zaunar da shi aka yi masa bayani cewa a nan ƙafa ta tafiya ce. Takalmin ma yaƙi aka yi kafin ya sa, ya ce shi bai taɓa dambe ba tare da ya ji ƙasa a tafin ƙafarsa ba. Amma duk wanda damansa ya sauka a kansa, sai Saje ya tsayar da wasa a kawo ruwa.

Zan faɗi gaskiya, wata biyun nan su ne mafi daɗi da na yi a ƙasar. Nakan aika da kai da ƙafa siton, a dafa a tukunya ɗaya, Batone da Bamoshe da Bafarafara da Bahaushe su sa hannu a kwano guda. Samarin zango biyar suka bi Garba suka shiga. Matan kasuwa suka raɗa masa suna irin nasu na ranar haihuwa, suna kiran sa Kwame. Mai sayar da dokunu, tuwon masararsu da ake ci da kifi, ta daina karɓar kuɗinsa. Yaran da ke yi wa Baba Na'iya waƙa suka koma ɗaukar masa kwando. Wata rana dattijon ya ce mini, "Ilu, shekara sittin ina garin nan, jiya aka fara tambayata yaya na kwana." Har ni na soma zargin ko Saje ya fi ni sanin duniya.

Saura kwana huɗu biki, Saje ya same ni a mayanka. Ya ce, "Gobe zan koya masa faɗuwa da tashi. In ya faɗi, alƙali zai ƙirga goma. Ya huta har takwas, ya tashi."

Na ce, "Saje, kul! A wurinmu ba a yi wa ɗan dambe zancen ƙasa ana gab da wasa. Mugun baki ne. Ko matarsa ba ta isa ba."

"To wane ne zai faɗa masa?"

"Bar mini. Zan faɗa masa ta hanyarmu."

Ban faɗa ba. Camfin gaskiya ne, haka muka taso. Amma akwai wani dalilin a ƙarƙashi. Na san Garba. Ina tsoron in ya ji cewa a wannan wasa wanda aka kayar yana tashi ya ci gaba, zai ce wasan yara ne ya tuɓe safar. Na kuma ce a raina, mutumin da bai faɗi ba shekara tara, me zai kayar da shi a yini ɗaya?

Ranar biki an yi ruwa da hantsi, aka fara wasa bayan azahar a filin makaranta. An kafa dandamali da katako, an shimfiɗa tamfol, an zagaye da igiya. Sarki na zaune ƙarƙashin laima, mutanen garuruwan biyu sun cika fili har kan itatuwa. Mu 'yan zango aka ba mu benci a gaba, abin da ba a taɓa yi ba. Garba ya fito da rigar gari, kore da rawaya, fili ya ɗauka, "Kwame! Kwame!" Baba Na'iya yana share hawaye da hularsa.

Abokin karawarsa dogo ne, direban katako, gwanin kaucewa. Turmin farko ya yi ta zagaya Garba yana tsikararsa. A na biyu daman Garba ya same shi a haƙarƙari, na ji ƙarar daga inda nake. A na uku mutumin ya soma layi, hannuwansa sun sauka, bayansa a igiya. Kowa ya miƙe tsaye. Garba ya ja da baya taki ɗaya don ya saki na ƙarshe, takalminsa ya taka inda ruwa ya kwanta a tamfol, ya zame. Gwiwarsa ta dama ta dungura ƙasa. Ko ƙiftawar ido ba ta kai ba ya miƙe.

Alƙalin ko ƙirga bai fara ba, ya yi alama da hannu a ci gaba. Amma Garba ya tsaya. Ya dubi gwiwarsa. Ya kakkaɓe ta da bayan safar. Ya je ya kama hannun mutumin da ko tsayuwa ba ya iya yi sosai, ya ɗaga shi sama. Sannan ya tuɓe rigar gari ya rataye ta a igiya, ya sunkuya ya fita.

Saje ya bi shi da ɗingishi yana ihu, "Koma! Koma, ɗan banza, kai ne ka ci! Ba a ƙirga ba!" Ni ma na sha gabansa na riƙe shi na ce, "Garba, don girman Allah, teburi shida!" Ya zare hannuna a hankali ya ce, "An kashe ni, Yaya." Ya ratsa taro ya nufi zango.

Filin ya fashe da ihu. Mutanen ɗaya garin suna rawa. Namu kuwa ba su ga mutumin da ya bi dokar gidansu ba. Abin da suka gani shi ne baƙo ya riƙe nasara a hannu ya yar, ya kuma tuɓe rigarsu a gaban sarkinsu. Wasu suka ce an saye shi. Wasu suka ce dama Bahaushe ba ya son garin da ba nasa ba. Ɓawon lemo da ƙasa suka fara sauka a bencinmu. Sarki ya tashi ba tare da ya dubi inda muke ba.

Washegari na koma wurin mai magana da yawun sarki, na yi bayani iyakar iyawata, cewa a wurinmu abin da Garba ya yi shi ne mutunci, ya cire rigar ne don yana ganin bai cancance ta ba. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, "Wato ya fi son dokar garinku da nasarar garinmu. To ai ka faɗi abin da muke faɗa."

Aka buɗe sabuwar kasuwa babu mu. Muka koma yanka a bakin jan rafi, ana tallan nama a tire. Samarin zango suka daina zuwa siton domin ana tare su a hanya. Mai dokunu ta koma karɓar kuɗi, amma takan ƙara wa Garba kifi ɗaya. Saje kaɗai ke shigowa zango, ya zauna kusa da Garba.

Ba a yi wata huɗu ba gwamnatin ƙasar ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Waɗanda sarakunan gari suka tsaya musu, wasu sun samu sun zauna. Mu ba wanda ya tsaya mana. Shanu bakwai nake da su a lokacin, na bayar da su a farashin awaki, masu saye sun san ba ni da zaɓi. Baba Na'iya ya hau mota zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba, yana tambayata ko a Kano ana samun doya. Saje ya ɗauko mana kaya a ka har tasha. Rabin samarinsa ma a motocin suke, Moshi da sauransu. Ya ce, "Sito ya zama kango, aboki." Ya tura wa Garba safar hannun nan cikin ƙullinsa, ya juya da sauri.

Kwana goma sha ɗaya muka yi kafin Legas, yawanci a tsaye a kan iyakoki cikin rana. A kan iyaka ta biyu, muna zaune a inuwar motar, abin ya fi ƙarfina. Na ce, "Garba, akwai abin da na ɓoye maka. A wasansu in ka faɗi kana da ƙirga goma. Saje ya so ya faɗa maka, ni na hana. Laifina ne duk wannan."

Ya dubi ƙafarsa. Ya ce, "Na sani, Yaya."

"Ka sani?"

"Wata biyu ina cikin siton, makaho ne ni? Na ga ana ƙirga wa yara suna tashi."

"To don me ka fita?"

Ya ce, "Mutum nawa na kashe a Babura da zamewa kawai? Akwai wani ɗan Yankwashi, tsakuwa ce ta kayar da shi, ban ko taɓa shi ba, aka ɗaga hannuna na karɓi kuɗi da kirari. Bai ce tsakuwa ba ce. Ya kakkaɓe ya fita. Ni da tawa ta zo sai in ce a ƙirga mini? Ko ɗari suka ƙirga, gwiwata ta san ta taɓa ƙasa."

Na ce, "Mutum shida da iyalansu fa, Garba."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa ba na barci."

Ba mu sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Gonar hanyar Roni ta tafi, yanzu ma gidaje ne a wurin. Fata talatin ta zama shanu goma sha huɗu, shanun suka zama kuɗin mota. Bargon na lulluɓe Baba Na'iya da shi a tashar jirgin ƙasa ta Legas, inda zazzaɓi ya kwantar da shi, bai kai ga ganin Kano ba. Teburi shida ko ɗaya ba mu samu ba. Buta ta dawo a lotse. Daga baya da kuɗin mai suka shigo ƙasa na farfaɗo, na yi motocin shanu har uku, amma wannan wani cinikin ne daban, bai biya wancan ba. Sau da yawa samari kan zo neman in saya musu riguna ko ƙwallo, su ce wasa na haɗa kan jama'a. Nakan saya. Nakan kuma ce musu yana haɗawa, na gani da idona, wata biyu cur.

Garba ya koma teburin ubansa a Kanya Babba. Safar Saje tana rataye a ɗakinsa har ɓera ya cinye ta. In kaka ta yi makaɗa suka zo suna kiran Kututture da kalangu, sai ya shige gida ya turo ƙofa. Bai sake ɗaura zare ba.

Ranar da muka dawo Inna ta kama hannuna biyu tana sa mini albarka, ta ce, "Ilu, ka cika alkawari." Cikin duk abin da na fita da shi, wannan kaɗai na dawo da shi cikakke, kuma shi ne na fi jin nauyinsa.